Babban Yatsan Tela

Baƙo ne ya fara ganin ɓarnar, shi ya ruga ya kai labari, kuma shi aka ɗaure.

Haƙan kabari ne sana'arsa. Ya tsufa a garin, ya rufe iyayen rabin mutanen da suka taru a kansa ran nan, amma ba wanda ya taɓa damuwa ya riƙe sunansa. Baƙo ya zo, Baƙo ake ce masa har furfura ta cika masa kai. Da safe ya shiga maƙabarta kamar kullum, sai ya ga kabarin Tela, wanda bai daɗe da rufewa da hannunsa ba, ya canza kama. Tudun ya yi sumul, gefensa ya daidaita, ba irin aikinsa na shebur ba. Ya kira Liman, Liman ya sa aka buɗe. Gawa tana nan kwance, likkafani a ɗaure tsaf. Da aka kwance ne aka ga babban yatsan hannun dama babu shi.

Kafin hantsi magana ta zama ɗaya a bakin kowa: matsafa sun shigo gari. To wa ke kwana kusa da matattu? Aka ɓalle ƙofar Baƙo, aka sami rigar Tela a rataye. Waɗanda a gabansu iyalan mamacin suka ba shi rigar nan sadaka, su suka fi kowa ihu. Aka ja shi a ƙasa har ƙofar gidan Mai Unguwa, aka ɗaure shi a jikin falwayar da aka kafa lokacin wani zaɓe, wadda har yau ba ta ga waya ba. Mai faci ya ba da aron tsohuwar taya. Wani ya kawo fetur a gora, yana jaddada cewa a biya shi daga baya.

Mai Unguwa ya aika aka hau tudun bayan gari, inda nan kaɗai waya ke samun sabis, aka kira 'yan sanda. Suka ce motarsu ba mai. Sai ya aika a kira masa Mai Sawu.

Mai Sawu tsoho ne siriri, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ya yi rayuwarsa yana bin sawun shanu da awakin da aka sace, kuma yana alfahari da abu ɗaya: bai taɓa fita ya dawo ya ce ƙasa ba ta gaya masa komai ba. Tela mijin ƙanwarsa ne. Saboda haka ya iso zuciyarsa na tafasa, yana fatan shi zai fara kai hannu ga wanda ya yi wannan aika-aika.

"Baba, na roƙe su, sun ba ni zuwa la'asar," in ji Mai Unguwa, yana share gumi. "Bayan nan ba ni da baki. In shi ne, ka faɗa. In ba shi ba ne, ka kawo mana wani, don yau sai sun ƙona mutum."

Mai Sawu ya tsuguna gaban Baƙo. An fasa masa leɓe, igiya ta nutse a wuyan hannunsa.

"Jiya ina ka wuni?"

"Bakin rafi, ina saran itacen rufi. Ba wanda ya gan ni, Baba. Ni wa ke kallona in ba a yi mutuwa ba?"

"Me ya sa ka kai ƙara?"

Baƙo ya ɗago ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. "Aikina aka taɓa."

* * *

A maƙabarta Mai Sawu ya tsaya ya yi tsaki. Gari guda ya tattake wurin, har da masu zuwa kallo da jakuna. In da ɓarawo ya biya su ladan ɓata sawu, ba za su fi haka ƙoƙari ba.

Ya duba lakar da aka ɓamɓare daga kan itacen rufi. Ranar jana'iza hannaye da yawa ne ke liƙe kabari, kowa ya dangwala nasa ya wuce. Wannan kuwa hannu ɗaya ne, ya bi kowace kafa ya toshe, ya shafe ba gaggawa. Ya ɗauki wani gutsure da yatsu suka zauna a jikinsa raɗau. Wani abu game da shi ya tsaya masa a rai, ya juya shi, ya sake juyawa, bai gano ko mene ne ba. Ya jefa shi aljihu.

Sai da ya fita ya zagaya bayan shinge sannan ƙasa ta fara magana. Akwai wata kafa a cikin ƙaya inda mutum ya shiga ya fita. Sawun shiga ya nutse, mai shi na ɗauke da kaya a ka. Ga da'irar gindin tulu inda ya sauke. Ruwa ya kawo, don ya kwaɓa laka ya gyara abin da zai ɓata. Sawun ya hau kan na awakin da suka fita kiwo da safe, na awakin da suka dawo da yamma kuma ya hau kansa. Ke nan da rana tsaka aka yi, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki.

Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne takalmin. Takalmin taya ne, da faci a dunduniyar hagu, ɗinki ƙanana a jere irin na mai sana'ar allura. Ya san shi kamar yadda ya san nasa. Takalmin Tela ne. Sai dai Tela dogo ne mai dogon taki, wannan kuwa takinsa gajere, ƙafar ba ta cika takalmin ba, yana jan baya.

Samarin da suka biyo shi suka leƙo. "Baba, me ka gani?"

"Na ga kun cika ni da surutu," in ji shi. Ya san in ya ce takalmin mamaci ne, kafin ya koma gari an ce Baƙo ya tayar da gawa ta yi tafiya.

* * *

Mutane sun fara raɗa da sunan Mahauci, wai shi ke da wuƙa, kuma sun taɓa cacar baki da Tela kan wani wando da ya ɗinka masa ya ɗage. Mai Sawu ya same shi a rumfarsa yana kora ƙuda, ransa a ɓace.

"Ni? Saboda wando?" Mahauci ya soke wuƙa a kan katako. "Ai ina wurin da aka kwance likkafanin, na ga hannun. Baba, wannan cin mutuncin sana'a ne. Da ni ne, gaɓa zan nema, sau ɗaya, shi ke nan. Wanda ya yi wannan bai taɓa fiɗar ko zomo ba. Ya fara, ya bari, ya sake farawa a wani wurin. Da almakashi ma ya ƙarasa, na rantse."

"Almakashi?"

"Baki biyu ne suka haɗu a ƙashin. Kuma ka lura? An naɗe dungulmin da ƙyalle mai tsabta. Ka taɓa jin matsafin da ke ɗaure wa gawa ciwo?"

Mai Sawu ya dubi ƙafar Mahauci, faffaɗa kamar faranti. Ko da mai aka shafa mata ba za ta shiga takalmin Tela ba. Ya yi masa sallama ya koma kan sawunsa.

* * *

Ya ɗauka sawun zai nufi daji, ko kangon da ake cewa bokaye na sauka. Sai ya ga ya bi bayan gari, ya miƙe tudun sabis.

Banki yana can babban birni, tafiyar wuni a motar kasuwa, in hanya ta yi kyau. Abin da garin ya sani na banki shi ne wani matashi mai baƙin tabarau, da teburinsa da lemarsa da 'yar na'ura mai gilashin dangwala yatsa. Mai Na'ura ake ce masa. Kowane kuɗi da ɗa ya turo wa uwarsa daga birni, kowane kuɗin amfanin gona, ta hannunsa yake bi, kuma yana yankar rabonsa a shiga da fita. Ba mai ƙaunarsa, ba kuma mai iya ɓata masa rai.

"A'a, Baba Mai Sawu! Yau an zo buɗe asusu ne?"

"Jiya da rana ka hau nan?"

"Jiya? Na'ura ta ƙi aiki, a gida na wuni."

Mai Sawu ya dubi ƙasa. Ga ramukan ƙafafun tebur na jiya, kusa da na yau. Ga sawun takalmin Tela a gabansu, ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, yana sauya ƙafa. Gefe kuma, a bayan wani dutse, ga toka ɗan tafin hannu, wutar da ba za ta dafa ko ƙwai ba.

"Wa ke jin sanyi a wannan zafin?"

"Masu shan taba ne, Baba, sun dame ni."

Tsohon ya zauna a kan benci kamar mai hutawa. "To in mutum zai buɗe asusun nan naku, me ake bukata?"

Nan take fuskar Mai Na'ura ta saki, ciniki ya zo. "Yatsa kawai! Ba ruwanka da karatu, ba ruwanka da riƙe lamba. Yatsanka shi ne makullinka. In gilashin ya ƙi kamawa, ka goga yatsan a goshi ya sami maiƙo. In ya yi sanyi, ka ɗan ɗumama shi. Haka muke fama da tsofaffi kullum." Ya kama hannun Mai Sawu ya duba. "Kai naka ma da sauransa. Wasu ne ba yadda za a yi da su, kamar ƙanwarka mai tukwane. Yumɓu ya cinye zanen tas, yatsa sumul. Har birni ta je, suka ce a wurinsu ba ta da yatsa."

Ya fara dariya, sai dariyar ta maƙale masa. Ya saki hannun tsohon, ya shiga goge gilashin na'urarsa da gefen riga.

Mai Sawu ya sauko daga tudun a hankali. Sai da ya yi nisa sannan ya ciro gutsuren lakar, ya karkata shi ga rana. Laka mai laushi ce, har zaren likkafani ya fito a gefenta. Amma a gurbin yatsun nan babu zane ko ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar hanya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban ɓarayin shanu.

* * *

Auta yake ce mata, ko da yake ita ma ta yi jikoki. Shi ya goya ta bayan rasuwar uwarsu. Ya same ta a tsakar gida, zaune a kan tabarma cikin zaman takaba, tukwane da tuluna jere a jikin bango, wasu gasassu, wasu ɗanye. Keken ɗinkin Tela na ƙofar ɗaki, an rufe shi da zane.

"Yaya, sannu da rana."

"Yaya jikin yaron?"

Ɗanta ke nan, magini, magidanci da 'ya'yansa, wanda ya faɗo daga kan gini kafin rasuwar uban. Yana kwance a asibitin birni.

"Ƙafar ta fara wari," ta ce. "Sun ce sai an ajiye kuɗi za su taɓa shi. In aka ƙara jinkiri, yankewa za a yi."

"Kuɗinku fa?"

"Kuɗina, Yaya. Tela bai taɓa tara ko na zare ba, Allah Ya ji ƙansa. Tun ina amarya nake gina tukwane. Da a rami nake ajiyewa, gara ta ci rabi, ka tuna. Aka ce a kai banki. Na je, na dangwala, na goga a goshi, na dangwala, har layi ya fara zagina. Yarinyar da ke wurin ta ce, Mama, ki sa a na mijinki mana. Na sa a na mijina." Ta gyara lulluɓinta. "Da ya rasu na roƙi Liman izini na shiga mota na koma. Suka ce in kawo takardar mutuwa daga asibiti. Na ce a ɗakinsa ya mutu. Suka ce in kawo ta kotu. Kotu ta ce in kawo katin shaida. Masu katin suka ce in dangwala yatsa."

Wata 'yar waya ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Ta Tela ce. Jiya ta kama sabis a wani wuri, saƙonni suka shigo, tun daga lokacin take tuni.

"Jikata ta karanta mini," in ji Auta. "Banki ne. Wai sun cire ladan ajiya na wata, suna gode masa da hulɗa da su."

Mai Sawu bai tambaye ta inda wayar ta sami sabis ba. Ta miƙo masa ruwa a moɗa, ya karɓa, ya riƙe hannun. Ya juya shi. Hannu ne mai ƙarfi, ya fi na maza da yawa, ya saba haƙar yumɓu a gindin rafi. Kan yatsun yana sheƙi, sumul. Ta bar shi ya gama kallo, ba ta janye ba.

"Auta, ina takalman Tela?"

"Nawa sun tsinke. Maƙabarta kuwa akwai ƙaya."

Ya saki hannunta. Daga nesa ana jiyo hayaniyar ƙofar gidan Mai Unguwa.

"Za su ƙona Baƙo," ya ce.

"Na sani. Tun safe nake ji. Na tashi in fita, sai in tuna in aka kama ni ba mai zuwa wa yaron nan." Muryarta ba ta rawa, idon ne kawai ya kaɗa. "Yaya, ka taɓa bin sawu ka dawo ka ce ba ka ga komai ba?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Ya fito yana jin haushinta, yana jin tausayinta, yana jin haushin kansa da ya iya wannan aiki. A hanya dabara ta zo masa. Ba sai ya kawo mai laifi ba. Ya isa ya nuna cewa Baƙo ba shi ba ne. Ya ɗebi ɗanyen yumɓu a bakin ƙofarta, ya dunƙula, ya nufi dandali yana ganin ya yi wayo.

* * *

La'asar ta kawo jiki. An riga an rataya wa Baƙo tayar a wuya. Mai Sawu ya sa aka kawo benci, ya ce a kira Mahauci, da Liman, da duk wanda ya taɓa kabarin. Mai Na'ura ma ya sauko daga tudu, ya tsaya can baya da jakarsa a kafaɗa.

Tsohon ya shimfiɗa yumɓun a kan bencin, ya ajiye gutsuren lakar a gefe.

"Wanda ya buɗe kabarin shi ya sake liƙe shi, ga hannunsa. Kowa ya zo ya dangwala nan mu gani."

Mahauci ya fara, yana huci. Zanen yatsansa ya fito kamar an zana da allura. Liman ya dangwala, Mai Unguwa ya dangwala don a ga adalci. Aka ɗaga bencin aka kai wa Baƙo, aka danna kumburarren yatsansa. Zane ya fito, har da tsagar tsohon ciwo a tsakiya.

"Ku duba na kabarin," in ji Mai Sawu. "Babu zane. Ba hannun Baƙo ba ne, ba na kowa a nan ba ne. Ku kwance shi."

Gutsuren ya zagaya hannu zuwa hannu. Hayaniya ta lafa, wasu suka fara sunkuyar da kai. Saura kaɗan dabarar ta ci. Amma taron da ya wuni a rana da fetur a hannu ba ya son komawa gida haka nan.

"To na wane ne?" wani ya ɗaga murya. "Ina sawun ya nufa?"

"Ya ɓace mini a kan dutse," in ji Mai Sawu. Karo na farko ke nan a rayuwarsa, kuma ƙaryar ba ta zauna a bakinsa ba.

"Ƙarya ne!" Ɗaya daga cikin samarin da suka bi shi da safe ne. "Mun hango shi, tudun sabis ya hau. Ya daɗe wurin Mai Na'ura."

Kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Mai Na'ura ya ga idanu, ya ga taya, ya ga gorar fetur. Bai ɓata lokaci ba.

"Jama'a, ni shaida ne kawai! Duk garin nan yatsa ɗaya na sani marar zane, kuma Baba ya fi ni saninsa. Matar Tela ce. Ita ta zo mini da abu a ƙunshe, na kore ta. Wallahi kunyar Baba ce ta hana ni faɗa."

Mai Sawu ya dubi yumɓun da ke kan benci. Da hannunsa ya dunƙula yumɓun, da bakinsa ya koya musu abin da za su nema.

Ba sai da aka je kamo ta ba. Tana tsaye a bakin lungu, da takalman Tela a ƙafarta, ba wanda ya san tun yaushe. Ta ratso taron, mutane na darewa kada ta taɓa su.

"Ka kore ni?" ta ce wa Mai Na'ura. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Wa ya ce mini na'ura ba ta san rai ba, zane kawai ta sani? Wa ya ce in na kawo za mu raba, kai kashi ɗaya ni biyu? Kai ka hura wutar, ka ce ya yi sanyi. Na ɗumama yatsan mijina a kan garwashi. Ka ce ya bushe, na goga shi a goshina." Ta taɓa goshin. "Nan. Muka yi ta dannawa, tana ta ƙi. Kuma kowane gwaji sai da ka karɓi ladanka, har 'yan kunnena."

"Tsohuwa ta zautu," in ji Mai Na'ura. "Wa zai yarda da mai tonon kabari?"

Ta juya ga taron. "Ban saci na kowa ba. Gumina ne ke ciki. Na roƙi gafararsa kafin in taɓa shi, kuma na san da yana da baki da shi zai miƙo mini hannun." Ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan ƙulli na farin ƙyalle, ta miƙa wa Liman. "Malam, a mayar masa."

Liman ya ja da baya. Ƙullin ya tsaya a iska ba mai karɓa, har sai da wata murya ta fito daga jikin falwaya.

"Ku kwance ni in kai masa," in ji Baƙo.

Ba wanda ya kula shi. Dutse na farko ya same ta a kafaɗa. Wata mata ta yi kururuwa cewa shekara da shekaru suna shan ruwa a tulun mayya, sai rabin taron ya kwasa zuwa gidanta. Ana jiyo fashewar tukwane ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda mutane suka fito da su daga ɗakunansu suka rotsa a titi. Mai Sawu ya rungume ƙanwarsa, duwatsu na sauka a bayansa, Mahauci ya zare wuƙa ya buɗe musu hanya, Mai Unguwa ya tura su zaure ya danna sakata.

Mai Na'ura kuwa ko rigarsa ba a taɓa ba. Gobe akwai masu jiran saƙon kuɗi daga 'ya'yansu, kuma na'ura ɗaya ce a garin.

* * *

Hanya ɗaya ta rage ta fitar da ita da rai. Mai Sawu ya sayar da akuyarsa a tsaye, ya hau tudu, ya tura wa 'yan sanda kuɗin mai. Ta hannun Mai Na'ura ya tura, Mai Na'ura ya cire ladansa, ya ce Allah Ya kiyaye gaba.

Mahauci ne ya tuna ya yanke igiyar Baƙo. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Mai faci dai ya zo ya karɓi tayarsa. Hannun Baƙo na dama bai ƙara riƙe shebur ba. Da hagu ya mayar wa Tela yatsansa, da hagu ya rufe kabarin, shi kaɗai.

Da 'yan sanda suka zo suka ɗauki Auta, Mai Sawu ya bi motar zuwa birni. A can labari ya same su cewa an yanke ƙafar ɗanta. Auta ta ji, ta gyaɗa kai, ba ta yi kuka ba.

A ofishin 'yan sanda wani kurtu mai hamma ya rubuta abin da zai rubuta, ya jawo tawada, ya kama babban yatsanta. Da ta ga haka sai ta ɗaga hannun za ta goga a goshi, don ta saba.

"Bari, Mama, ba sai kin yi haka ba."

Ya danna yatsan a tawada, ya danna a takarda. Baƙin tabo ya fito, dunƙulalle, babu zane ko ɗaya. Mai Sawu ya matso, yana jiran a ce ba ta da yatsa, a ce ta je ta kawo wata takarda, a kore ta kamar yadda aka saba.

Kurtun ya ɗaga takardar, ya hura mata iska, ya jefa cikin fayil.

"Ya yi," in ji shi. "Ku shiga da ita."